Oba-oba da Kunyar Ardo

Mai gidana mai gyaran rediyo ne a Gumel. Bara Allah ya karɓi ransa. Ba zan kira sunansa a nan ba, kamar yadda ban taɓa kira ba yana raye.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne gaba da Sule Tankarkar, dab da iyakar Nijar. Hanyar garin rairayi ce, mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, in damina ta kankama kuwa ko ranar kasuwar sai an yi sa'a. Jim kaɗan bayan an ba mu jihar Jigawa mahaifinsa ya rasu a can. Labarin ya iso mana a bakin wani mai sayar da kanwa, wanda ya tsaya yi masa ta'aziyya yana zaton ya riga ya sani. Kafin mai gidana ya isa an yi sadakar uku, har an fara watsewa. Da ya dawo bai yi magana mai tsawo ba. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, in Allah ya yarda Inna ba za ta tafi haka ba.

Inna ita ce mahaifiyarsa. Ya yi juyin duniya ta dawo Gumel wurinmu, ta ƙi. Ta ce wa zai kula mata da awaki, kuma ruwan famfo ba ya kashe mata ƙishi. Ƙaninsa ne ke tare da ita, manomi, ba shi da ko keke. Saboda haka abin ya zauna wa mai gidana a rai. Duk ranar da baƙo ya yi sallama a ƙofar gida da ƙurar tafiya a ƙafa, ina ganin yadda yake miƙewa.

Wata ranar kasuwar Maigatari ya dawo da buhu a bayan babur. Na zaci gero ne. Ashe tsofaffin oba-oba ne, irin akwatin maganar da direbobin manyan motoci ke kiran juna da shi, wanda in ka gama magana kake cewa "oba" don ɗan'uwanka ya san nasa lokacin ya zo. Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa Damagaram ya sayar masa a matsayin kayan bola. Ya baje su a tabarma ya yi ta narka dalma, yana cire hanjin wannan yana sa wa wancan, har ya ta da guda huɗu. Ɗakinmu ya daɗe yana warin ƙonanniyar waya.

Matsalar ita ce muryarsu ba ta da nisa. In an ɗaga eriya sama sosai, daga gidanmu za ta kai Sule Tankarkar, amma ba za ta kai ƙauyen ba. Sai ya ce to a yi yadda magina ke yi da tubali, wannan ya miƙa wa wannan. A ajiye akwati ɗaya a ƙauye wurin ƙaninsa, ɗaya a wata rugar Fulani da ke tsakiyar hanya, ɗaya a Sule Tankarkar, ɗaya a gidanmu. Kowa ya karɓi saƙo ya miƙa gaba. Lokacin mulkin soja ne, ba a wasa da irin wannan na'ura, don haka sai da ya je gaban hakimi ya yi bayani, aka haɗa shi da 'yan sanda, suka duba suka ce ya je ya yi, amma su ma za su riƙa saurare. Ya ce ai sun taimaka, a samu mai gyara musu Hausa.

A ruga Ardo ne ya karɓi amanar akwatin. Dattijo ne dogo, mai son barkwanci, kuma da yake mai gidana jinin Barebari ne, tun ranar farko ya sa masa suna bawansa. A Sule Tankarkar kuwa an ba wani mai injin niƙa, Bafillacen gida, saboda injinsa zai iya cajin batiran mota da akwatunan ke ci. Abin da ya fi faranta wa mai gidana rai shi ne mai niƙan nan yana auren 'yar Ardo. Ya yi ta faɗa mini cewa wannan ai tuwona maina, batir zai riƙa tafiya yana dawowa a cikin gida ɗaya, tare da masu tallar nono, ba wanda zai yi wa wani ƙorafi.

Ranar da aka kafa eriyar gidanmu unguwa ta cika. Gora aka haɗa baki da baki aka ɗaure da waya, maza na ja da igiya, mata muna leƙe ta kan katanga muna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Sau biyu tana karkata kamar za ta faɗa gidan maƙwabta. A ruga ba su sha wannan wahalar ba, a kan wata tsohuwar kuka aka ɗaure ta. Ni aka koya wa riƙon na gida, domin shi da rana yana rumfarsa a kasuwa. Ya nuna mini inda ake dannawa, ya ce in yi magana kamar ina yi da mutum a bayan zana, ba sai na ɗaga murya ba.

Da kansa ya bi ya gwada ko'ina. Ya tsaya a ƙauye ya kira ruga, Ardo ya amsa. Ya zo ruga ya kira mai niƙa, murya tar kamar a ɗaki ɗaya. Ya zo wurin mai niƙa ya kira ni, na amsa, kunya ta kama ni, na tambaye shi ko a ɗora masa ruwan wanka. Ya dawo gida yana ta murna. Aka yi da ƙaninsa cewa kullum bayan azahar zai aiko da gaisuwar Inna.

Azahar ta yi, shiru. Washegari ma shiru. In na kira mai niƙa ya amsa, ya ce lafiya lau, amma babu wani saƙo. Mai gidana ya hau babur ya koma ruga, ya danna, mai niƙa ya amsa nan take. Ya tambayi Ardo ko saƙo na zuwa daga ƙauye, Ardo ya ce kullum yana zuwa, Inna lafiyarta ƙalau. To me ya hana shi wucewa? Ardo ya dubi shanunsa ya ce wataƙila iska ce. Mai gidana ya dawo gida, aka sake yin shiru. Ya canja batir, ya canja waya, ya sa aka hau kukar nan aka ƙara wa eriya tsawo. Muddin yana tsaye a wurin abu na aiki, da ya juya baya sai ya mutu. Har ya fara cewa ko kukar ce ke da mutanenta.

Matar mai niƙa, wato 'yar Ardo, ita ta warware mana. Ta zo asibitin Gumel awo, ta biyo ta gidanmu shan ruwa. Muna hira na kawo mata kukan akwatin. Ta rufe baki da gefen mayafi tana ƙunshe dariya. Da ƙyar ta faɗa mini. Ta ce kullum bayan azahar akwatinsu na yin ƙara, sai a ji Baffa, haka take kiran mahaifinta, ya yi gyaran murya. Da mijinta ya ji, sai ya kashe inji, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a gaban akwatin ya sunkuyar da kai. Shi Baffa ba zai yi wa surukinsa magana kai tsaye ba, shi kuma ba zai buɗe baki a gaban surukinsa ba. Haka za su zauna, wannan a ruga wannan a gari, har Baffa ya sake gyaran murya ya kashe. Sannan mijinta ya tashi ya sa takalmi ya ta da inji, masu niƙa na tsaye suna jira.

Na ce to ke me ya hana ki karɓa? Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Haba yaya, ni ce fa ta fari. Tun da aka haife ni Baffa bai taɓa kiran sunana ba. Ta ina zai fara?"

Da mai gidana ya dawo da yamma na ba shi labari. Ya zauna a bakin rijiya ya yi dariya har da hawaye, dariyar da ban ji irinta ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce shi da bai taɓa shan ko ruwa a gaban mahaifina ba, yaya aka yi wannan ya shige masa duhu? Ya auna nisa, ya auna tsawon kuka, ya manta da surukuta.

Ba wanda ya kawo shawarar a ce su ajiye kunyarsu. Ba a ma yi tunanin haka ba. Karɓe akwatin daga hannun ɗayansu kuma cin fuska ne, ga shi dukansu biyu sun ɗauke shi amana, ba sa barin kowa ya taɓa. Abin da ya rage shi ne a nemo mutum na uku wanda ba ya jin nauyin kowa. Aka samu wani malamin gona, Kirista mutumin Filato, da aka turo aiki wani gari tsakanin rugar da Maigatari. Mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta can kudu, ba ya bambanta mace da namiji a magana, Ardo ya yi ta jan sa a kan haka. Mai gidana ya sake tono buhu ya ta da akwati na biyar. Daga gidan malamin ana jin ruga, ana jin ƙauye, ana jin mai niƙa. Ardo ya faɗa wa malam, malam ya faɗa wa mai niƙa, mai niƙa ya faɗa mini. Ranar da gaisuwar Inna ta fara isowa, cewa ta yi a aiko mata da daddawa, kuma wadda na aika wancan karon gishiri ya yi mata yawa.

Daga nan mai gidana ya sa doka: duk inda za a ajiye akwati, sai ya kasance yana jin aƙalla wurare biyu, don in nan ta toshe a bi ta can. Ya ce da farko igiya ya yi niyyar yi, kunyar Ardo ta sa ya saƙa raga. Wani mai shayi a tashar Maigatari ya shigo, daga baya wata unguwarzoma a Gagarawa. Kowane gari su suke haɗa batirinsu da gorarsu, shi nasa gyara ne. Ba wanda yake shugaba. In eriyar wani ta faɗi, na kusa da shi ke zuwa taya shi ɗagawa.

Shekarun nan sun yi mana daɗi. Ni da ban cika fita ba, sai ga shi ina zaune a tsakar gida ina tsinken zogale na san inda aka yi ruwa jiya da inda hadari ya watse. Na san yadda raguna suka kwana a Maigatari kafin mahautan Gumel su sani. An nemo jakin da ya ɓata, an tsayar da wani ango da ya kama hanya da tawagarsa ba su san an ɗaga ɗaurin aure ba. Abin da ya fi cin batir gaisuwa ce. Mai gidana ya roƙi mutane a taƙaita, a ce sallama a faɗi saƙo. Ardo ya aiko masa ta bakin malamin gona cewa shi bai iya shiga gidan mutane ta kan katanga ba, in bawa ya gaji da cajin batir ya faɗa a sayar da shi a sayi wani. Haka aka ci gaba: ina kwana, ina gajiya, yaya shanu, yaya masu jiki, kowa kuma in zai miƙa saƙo sai ya ɗora tasa gaisuwar a kai. Saƙon Inna na kalma biyar kan iso mini da gaisuwar gari huɗu.

Ita Inna ba ta taɓa yarda ta yi magana a ciki ba. Takan zauna nesa kaɗan ta ba ƙaninsa umarni, ta ce gaya wa abin nan ya gaya musu. Da Kirsimeti matar malamin gona ta aika wa kowane mai akwati shinkafa, da Babbar Salla nama ya yi ta zuwa gidansu har ta rasa inda za ta shanya. Mai gidana ya yi ƙiba a shekarun nan. Baƙo na sallama, yana daga zaune zai amsa.

Wata damina, ana tsakiyar noman farko, aka yi ruwa da iska mai ƙarfi ranar Asabar. Gorar malamin gona ta karye. Washegari Lahadi ya tafi coci Maigatari da iyalinsa, da niyyar in ya dawo ya nemi masu taya shi. A safiyar nan jikin Inna ya rikice. Dama tana fama da ƙafa, amma wannan karon numfashi ne. Ƙaninsa ya kira malam, shiru. Ya kira ruga, Ardo ya amsa ya karɓi saƙo. Shi ma ya kira malam, ya sake kira, shiru. Samarin ruga duk sun fita da shanu, fadamar da ke tsakaninsu da gari kuma ta cika. Akwati ɗaya ne ya rage da ke jin sa a duniya.

Abin da ya faru a gidan mai niƙa matarsa ce ta faɗa mini daga baya, kuma na sa ta maimaita mini ya fi a ƙirga. Kowa na gona, babu mai niƙa ko ɗaya, daga ita sai mijinta sai jaririyar da ta haifa, wadda ko zama ba ta fara ba, tana goye a bayanta. Akwati ya yi ƙara. Baffa ya yi gyaran murya. Mijinta ya tuɓe takalma ya durƙusa. Ta ce har tana jin kukan ɗan maraƙi daga can rugar. Sai Baffa ya yi magana, da irin muryar da kaka ke tsokanar jika.

"Ina amaryata? Ke mai kan ƙwarya, na san kina nan kina barci, raguwar banza, ko furar kirki ba ki iya dama mini ba. To yau tashi ki yi aiki. Ki gaya wa duk wanda ke kusa da ke, a sanar da Babarbaren nan na Gumel tsohuwarsa na nemansa. Jikin ya yi nauyi tun safe. Kada ya jira la'asar. Ya biyo ta tudu, fadama ba ta biyuwa. Kin ji ko, mummuna? Oba."

Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa. Amma dole a nuna masa saƙo ya isa, ga shi ba mai iya amsawa a cikinsu. Ta ce mijinta ya ɗago ya dube ta, ita ma ta dube shi. Sai ta kwance goyo, ta kai bakin yarinyar jikin akwatin, ta danna, ta ɗan mintsine ta a cinya. Yarinya ta tsala kuka.

"To, ta ji," in ji Ardo, ya kashe.

Ina wanke-wanke mai niƙa ya kira ni. Ranar ce kaɗai bai gaishe ni ba. Na yafa mayafi na tafi kasuwa da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Mai gidana na hango ni ya ajiye abin da ke hannunsa. Lokacin ana wahalar mai, tankinsa babu komai, maƙwabcin rumfarsa ya zuƙo na babur ɗinsa da tiyo ya juye masa, ko tambaya bai yi ba. Ya bi ta tudu kamar yadda aka ce. A wasu wuraren tura babur ɗin ya yi. Ya isa rana ba ta faɗi ba.

Ya same ta an jingina ta da bango, numfashin ya ɗan lafa. Ta buɗe ido ta gan shi cikin taɓo har gwiwa, ta tambaye shi wa ya mutu da ya shigo wa mutane gida haka ba wanke ƙafa. Ya ce ba kowa, Inna, gaishe ki na zo yi. Ta ce to ya gaishe ta, ya je ya duba mata akuyar nan mai ciki, tun jiya ba wanda ya kula ta. Ya je ya duba akuya ya dawo ya zauna.

Kafin magariba labari ya iso mini cewa ya sauka lafiya kuma in taho. Ta bakin amaryar Ardo ya biyo shi ma, an sake mintsinin baiwar Allah. Washegari na bi motar da ta kai ni Sule Tankarkar, daga nan aka ɗora ni a amalanke.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ta ɗan samu sauƙi. Ta sha kunu, ta yi mini faɗa a kan yadda nake tankaɗe, ta sa 'ya'yanta biyu suka zauna a gabanta ta raba musu awakinta da bakinta, ta ba su labarin yadda mahaifinsu ya faɗa rijiya yana saurayi garin leƙenta. Mai gidana bai taɓa jin labarin nan ba. Ya yi ta tambaya tana ƙara masa, wani wurin ma ina jin ƙari take yi don ta ga yana dariya. Bai matsa daga ɗakin ba sai in zai yi salla.

Ranar Juma'a da hantsi ta cika. Kanta na kan cinyata, shi yana riƙe da hannunta yana yi mata kalmar shahada tana bi a hankali. Malamin gona ya riga ya gyara gorarsa, saboda haka kafin a gama wanka mutane sun fara isowa daga garuruwan da ke da akwati, har da waɗanda ba su taɓa ganin fuskarta ba, saƙon daddawarta kawai suka sani. Ardo ya zo a ƙafa. Mai niƙa ma ya zo, ya tsaya can ƙarshen sahu.

Mai gidana ne ya shiga kabarin ya karɓe ta. Da suka dawo daga maƙabarta ya wanke hannu ya ce in akwai tuwo a ba shi. Na zuba masa, ya cinye, ya miƙo kwanon na ƙara. Sannan ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta, ya kwanta ya yi barci, masu ta'aziyya na shigowa suna rage murya.